Wata biyu ina riƙon karen tsere a Ingila

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu a waya cewa akwai kare a gidana, shiru tayi har na ɗauka layi ne ya yanke, can sai naji tace, kare fa kace? Nace eh Hajiya, amma ba nawa bane, riƙo aka bani. Tace ikon Allah, 'ya'yan mutane na zuwa Turai su dawo da digiri, kai kuma riƙon kare ka samu. Muka yi dariya amma na san abin bai kwanta mata ba, kuma ban ga laifinta ba, don ni kaina da wani ya ce min zan yi haka shekara biyar baya, cewa zan yi a kai shi a duba kansa.

A gefen Shefil nake zaune, arewacin Ingila, aikin kula da tsofaffi nake yi, yawanci na dare. Likita yace sukarina ya fara hawa, in rage tuwo da lemo in dinga tafiyar ƙasa, to ni kuma in fita ina tafiya ba inda za ni wallahi gani nake kamar zararre. Akwai wata dattijuwar baturiya da muke aiki tare, ita tace in zo ranar Lahadi wani gidan karnuka a bayan gari inda take taimakawa, mutane na zuwa su ɗauki kare su zaga da shi su dawo da shi. Kunya ce kawai ta kai ni. Ana buɗe ƙofa na ga wasu dogayen karnuka, ciki a ɗame, ƙirji ya sauko ƙasa, baki zungurere, sai na tsaya cak, don sak karnukan farautar kawuna da muke bi da rani muna yara a ƙauyenmu can wajen Dutsin-ma. Bambancin kawai waɗannan sun fi girma nesa, kuma ba a yanke musu kunne ba. Abin da ya fi bani mamaki, karnuka sun kai 30 a wurin amma kusan ba haushi, kallonka kawai suke kamar masu jiran albashi.

Turawa na ce musu girehawund, karnukan tsere ne da suka yi ritaya. Wasan caca ne, a zuba kare 6 a akwatuna, kowanne da 'yar rigarsa mai lamba, na 1 ja, na 2 shuɗi, na 3 fari, na 4 baƙi, na 5 ruwan lemo, na 6 mai ratsin baƙi da fari, a saki zomon ƙarya a kan layin ƙarfe su bi shi a guje, mutane na zuba kuɗi. Gudunsu na kai kilomita 70 a awa, mita 500 a kusan daƙiƙa 30 sun gama. A filin Belle Vue na Manchesta aka fara irin wannan tseren a ƙasar a 1926, filin ma an rufe shi a 2020, amma a Shefil akwai na Owlerton, na sha wucewa ta gabansa a bas ban san me ake yi a ciki ba. To kare na kaiwa shekara 3 zuwa 5, ko ya ji ciwo, ko gudunsa ya ragu, shikenan aikinsa ya ƙare, alhali yana iya kaiwa shekara 12 zuwa 14 a duniya. Ragowar shekarun nan su ne matsalar. Akwai babbar ƙungiya Greyhound Trust da ke nema musu gida tun 1975, sai kuma ƙanana masu zaman kansu irin wadda na faɗa hannunta.

Na yi wajen wata 4 ina zuwa Lahadi kafin matar da ke kula da sashen riƙo ta tare ni a bakin mota. Tace keji ya cika, akwai karnukan da ke kan layi a hannun masu horar da su ana jiran wuri, ko zan iya ɗaukar ɗaya na 'yan makonni? Ba wai in mallake shi ba, in koya masa zaman gida, in gano halinsa, su kuma su nemo wanda zai ɗauke shi dindindin. Abinci nasu, kuɗin asibiti nasu. Nace zan yi shawara, a raina kuwa na san inda gizo ke saƙar, gida.

Maiɗakina ko ƙarasa zancen ban yi ba tace Abban Ummi kare a gidan da muke sallah? Na je na samu wani malaminmu ɗan gida da ke nan, yace min a Malikiyya kare mai rai ba najasa bane har yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7 umarni ne da ake bi, amma fa hadisin raguwar lada ga wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba yana nan daram, kar in yaudari kaina. Ya kuma tuna min da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Yace ka duba niyyarka, ka ware masa wuri, kar ka mayar da shi ɗan ɗaka. Ni ba fatawa nake ba kowa ba, maƙwabtana 'yan Pakistan ma har yau gani suke na yi ganganci don su a wurinsu yawun najasa ne, kowa ya tambayi malaminsa. Mu dai a gida aka yi yarjejeniya mai tsauri, ba zai hau sama ba, ba zai shiga falo ba, wurinsa ɗan ɗakin gilas da ke bayan kicin wanda ke fita tsakar gida, kwanukansa daban, soson wanke su daban, kuma kashinsa ni da shi.

Sai fom. Shafi 4 ne, tambayoyi kamar mai neman biza. Gidanka ne ko haya, in haya ne kawo takardar yardar mai gida. Yara nawa, shekarunsu nawa. Akwai kyanwa ko zomo ko kaji. Awa nawa karen zai zauna shi kaɗai, ba sa son ya wuce 4. Nan aikin darena ya taimaka don da rana ina gida, da dare iyali na nan. Bayan sati ɗaya wani dattijo ya zo duba gidan, ko shayi bai tsaya sha ba ya wuce baya da tef ɗinsa ya auna shingen katako, yana so ya kai ƙafa 6, namu ya kai sai wani gefe da katako biyu suka ruɓe, yace in gyara in turo hoto. Ya nuna ƙofar gilas yace a manna mata wani abu daidai tsayin idon kare, ya buga ƙafa a tayil yace a shimfiɗa tsohon kafet. Na ce a raina wannan tsoho da fi'ili yake. Na gyara shingen, na sa kafet, na manta da gilas.

Farkon Oktoba 2023 aka kawo shi. Baƙi ne wuluk da ɗan fari a ƙirji, shekara 4, kilo 32, cinyoyinsa na baya duk gashin ya zube kamar an aske. Yana da dogon sunan tsere a takarda da kuma gajeren sunan keji, mu dai Duna muke ce masa a tsakaninmu. Matar da ta kawo shi ta buɗe min kunnuwansa ta nuna min wasu haruffa da koren tawada a ciki, tace in ka ga a kunne biyu haihuwar Ayilan ne, na Ingila kunnen dama kawai ake yi wa, kuma yawancin waɗanda ke gudu a nan daga Ayilan ake kawo su. Akwai kuma ɗan cip kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuyansa, wannan doka ce a kan kowane kare tun 2016. Ta sauke buhun abinci, igiya, takunkumin roba, rigar sanyi, da wani abin wuya na fata mai faɗi, tace kan waɗannan karnukan ya fi wuyansu siranta, in ka sa musu na gama-gari ja da baya ɗaya za su yi su zare. Na sa hannu cewa ba zan taɓa sakinsa ba igiya a waje ba, kuma ba zai fita ba takunkumi ba. Ta tafi.

Minti 10 ba a yi ba ya hango tattabara a tsakar gida, ya zabura, ji kake gwaf, ya haɗu da gilas. Allah ya taimaka gilas ɗin mai kauri ne, ya zauna yana girgiza kai yana kallon iska, bai gane abin da ya doke shi ba. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho, nan take na ɗauko salatif mai launi na yi ta manna wa ƙofar giciye-giciye.

A nan na fara fahimtar abin da nake riƙo. Katon kare ne mai shekara 4 amma bai san gida ba ko kaɗan. Bai taɓa ganin talabijin ba, bai san madubi ba, injin wanki ya kunna sai ya maƙale a lungu yana rawar jiki. Tun yana ɗan kwikwiyo a keji yake, ana tashinsa lokaci ɗaya, a ba shi abinci lokaci ɗaya, a fito da shi lokaci ɗaya, bai taɓa yanke wa kansa shawarar komai ba, kuma babban abin, bai taɓa kwana shi kaɗai ba, kullum akwai wani kare a gefensa ko a kejin kusa. Daren farko muna kashe fitila ya fara wani irin kuka siriri mai shiga rai, ba haushi ba, kamar ƙofa mai tsatsa. Ƙarfe 1 maiɗakina ta taɓa ni tace kai ka kawo shi. Na sauko da bargo na kwanta a kujerar roba a ɗakin gilas ɗin nan, ga sanyin Oktoba, hita na ta aiki ina lissafin kuɗin wuta, shi kuwa yana ganina ya yi ajiyar zuciya ya miƙe. Kwana 4 na yi a haka, dama na ɗauki hutu. Daga baya na dinga matsar da kujerar zuwa kicin kaɗan-kaɗan, na bar masa rediyo a kunne ƙasa-ƙasa da tsohuwar rigata, ranar na 6 ya kwana shiru.

Fitsari bai wahalar da ni ba, sau 2 kawai ya yi a ciki, don sun saba ba sa ɓata makwancinsu, in dai kana fitar da shi a kan lokaci, da asuba, bayan abinci, kafin barci. Barci kuwa, wanda yake tunanin karen tsere zai hana shi sakat ya sha kuruminsa. Awa 16 zuwa 18 yake yi a rana. Zagayen minti 20 safe da yamma ya ishe shi, ni da na zo neman tafiya don sukari sai ga shi ni ke jansa. Ranar da na fara ganinsa ya kwanta rigingine, ƙafafu huɗu a sama, harshe a waje, na ɗauka mutuwa yayi, na tura hoto a gigice, matar ta turo min dariya tace alamar ya saki jiki ne.

Fita da shi a unguwa wani karatun ne. Ga ni baƙin mutum da hula, ga katon baƙin kare da takunkumi, mutane na tsallaka titi. Wasu kuma, musamman tsofaffi, su tsaya su yi ta shafa shi suna bani labarin yadda babansu ke kai su kallon tsere. Sati na farko yana cikin tafiya sai ya ƙame, kamar an dasa shi, ja ba ya motsi, lallashi ba ya motsi, na taɓa yin minti 15 a bakin wani shago ana yayyafi. Ashe abubuwan ne ke masa yawa, motoci, keke, yara. Dabarar da aka koya min, kar ka ja shi gaba, ka matso jikinsa ka juya da shi ku yi da'ira sannan ku miƙe, ko ku koma gida kawai. Ƙananan karnuka masu gashi buzu-buzu kuwa bai ma san karnuka bane, shi duk duniya irinsa kawai ya sani. Matakala ma sai da na koya masa a wata gadar ƙafa tunda an hana shi hawa benenmu, ina ɗaga masa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe da ɗan cuku a gaban hancinsa, wani yaro na ta ɗaukarmu a waya. Hawa ya zo da sauƙi, saukowa ne yake so ya yi tsalle ɗaya ya gama.

Kashi kuma dole ka kwashe da leda a hannunka, in ka bari aka kama ka tara ce. Duk sanda na duƙa sai in tuna 'yan ajinmu, in ce Allah ka rufa min asiri kar wani ya gan ni.

A sati na 3 kurege ya kusa kashe ni. Muna gefen wani fili na saki jiki ina duba waya, igiya na naɗe a yatsuna, abin da aka ce kar in yi. Ban ga kuregen ba, ji kawai na yi an fizge ni na kife, gwiwata ta daki ƙasa, ɗan yatsana ya gurɗe. Allah ya sa ban saki ba. Shi kuma ya goga ƙafa a wata waya ta yage. Fatarsu siririya ce kamar takarda, ba kitse ba gashin kirki, abin da wani kare zai wuce da ƙarzuwa su sai ɗinki, shi ya sa ma sanyi ke kama su ake sa musu riga. Aka yi masa ɗinki 5. A ranar na ga idon karnukan kawuna a fuskarsa, kunnuwa a miƙe, jiki na kyarma, ko sunansa ba ya ji. Daga baya na sa sunansa na tsere a intanet na samu bidiyon gudunsa, yana sanye da riga mai lamba 2, na kalla ya fi sau 10. Ni ban yarda da caca ba kuma ganin yadda suke cin karo a kwana ya tayar min da hankali, amma ƙarya nake in nace gudun bai burge ni ba.

Likitar dabbobin da ta ɗinke shi ce ta ƙara min ilimi. Tace jininsu ma daban yake da na sauran karnuka, jajayen ƙwayoyin jini sun fi yawa, in likita bai san irinsu ba sai ya ɗauka cuta ce, kuma da yawansu jininsu na shiga kusan kowane kare shi ya sa ake son su wajen ba da jini. Allurar barci ma a hankali ake yi musu. Da ɗinkin ya warke aka haɗa masa fiɗiya da wankin haƙori rana ɗaya, aka cire 3 da suka ruɓe, dama bakinsa in ya yi hamma sai ka bar wurin, ciwon haƙori ya yi musu katutu. Ta kuma nuna min wata 'yar kanta a tafin ƙafarsa ta gaba, ita ke sa shi ɗingishi a kan kwalta amma a ciyawa lafiya lau. Na tambayi mai kula da riƙo wa ke biyan duk wannan, tace tun Satumba 2020 hukumar tseren, GBGB, ta kawo tsari mai kare ya ajiye fam 200 lokacin rajista ita ma ta ƙara 200, a ba gidan da ya karɓi karen in ya yi ritaya, amma ka duba takardar asibitin yau ka gaya min ina fam 400 za ta kai. Sauran duk taimakon jama'a ne da sayar da kek a bakin kanti.

Sata kuwa Duna gwani ne. Tsayinsa daidai teburin kicin, ba ya buƙatar tsalle. An kawo mana kilishi daga gida, maiɗakina tana ta adana shi kamar zinariya, ta ajiye ta je amsa waya ta bar ƙofar baya a buɗe. Ko takardar bai bari ba. Ga yaji ga albasa, albasa kuwa guba ce ga kare, na kira asibiti suka ce in sa masa ido, ya kwana yana zawo ni ina wankewa, ita kuma ta kwana tana min bitar yarjejeniya.

Daren 5 ga Nuwamba, da Turawa suke wasan wutar nan kamar nokawut ɗin Kirsimeti amma ya ninka, ya ƙi cin abinci ya ƙi fita fitsari, na rufe labule na ƙure rediyo na zauna da shi har 12. Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya.

Ummi shekararta 9, ita ce ta fi kowa son shi, kuma an gaya mata tun ranar farko kar ta taɓa shi yana kwance. Matsalar, wani lokacin barci yake ido a buɗe. Ta dawo daga makaranta ta ga idonsa a buɗe ta duƙa ta rungumi wuyansa, ya zabura da wani gurnani ya kai cizo, haƙoransa suka haɗu a iska dab da kuncinta. Bai same ta ba. Daƙiƙa biyu ya dawo hayyacinsa yana kaɗa wutsiya, bai ma san abin da ya yi ba. Yarinya ta tsala ihu, uwarta ta fito da ludayi a hannu, tace Abban Ummi gobe kar rana ta faɗi yana gidan nan. Ban yi musu ba don gaskiyarta ce. Mai kula da riƙo ta zo da daddaren nan, ta zauna da su biyun ba da ni ba, tace wannan firgitar barci ce, a keji ba wanda ke taɓa su suna barci, ƙarar ƙofa ke tashinsu kafin mutum ya iso, ba mugunta bace amma haɗari ne, in kun ce in tafi da shi yanzu zan tafi da shi ba komai. Ummi ce ta fashe da kuka tace Umma laifina ne a bar shi. Aka sa ɗan shingen yara a ƙofar ɗakinsa, aka kafa doka, ba mai zuwa wurin shimfiɗarsa, ka tsaya daga nesa ka kira sunansa, in ya ɗaga kai ya taso ya zo da kansa to.

Duk sati ina tura rahoto, ci, kashi, barci, yadda yake da mutane da karnuka. Da na zo rubuta na wannan satin sai da na yi ta gogewa. Na san in na rubuta abin yadda ya faru za a sa a takardarsa ba ya zama da ƙananan yara, ga shi dama ya faɗi gwajin zama da kyanwa warwas, ga shi baƙi namiji, su kuma masu aikin sun ce irinsu ne suka fi daɗewa ba a ɗauka ba. Zuciyata na ce min ai bai cije ta ba, sassauta. Sai na tuna dillalan kara da ke sayar maka da sa mai harbi suna rantsuwa, ka kai gida ya karya maka yaro. In na ɓoye, wasu masu jariri su ɗauke shi, ranar da abin zai faru ba iska zai ciza ba, kuma kare da ya ciji yaro a ƙasar nan ba lallai ya sake samun wata dama ba. Ni kaɗai na ga abin da ba za a taɓa gani a keji ba, don shi aka kawo shi gidana. Na rubuta komai, har da kilishin.

Haka kuwa aka yi, iyali biyu da suka nuna sha'awa suka janye. Sati 4 ya koma 6, ya koma 8. Sai farkon Disamba aka turo wasu miji da mata, sun haura 60, mijin tsohon direban bas, ba yara ba kyanwa, karensu irin wannan ya mutu da bazara. Muka haɗu a fili muka zaga tare, na fara karanto musu aibobinsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai kai ƙara, matar na ta murmushi, da na zo kan firgitar barci mijin ya naɗe hannun riga ya nuna min wani tsohon tabo yace na wancan ne, shekararsa ta farko. Suka sake zuwa gida sau ɗaya, aka je aka duba nasu gidan, suka biya kuɗin ɗauka ga ƙungiya, aka mayar da cip ɗin sunansu.

Ranar tafiya na rubuta musu takarda guda, abinci sau 2, ƙarfe 7 da ƙarfe 5, kar ya yi gudu bayan ya ci don cikinsu na iya murɗewa, yana son kifin gwangwani, yana tsoron injin share kafet, in haƙoransa na kaɗawa ba sanyi bane murna ce. Na haɗa masa bargonsa da tsohuwar rigar nan tawa. Na zaci zai ƙame a bakin mota ya ƙi shiga, har na shirya abin da zan ce. Ina, ana buɗe but ya yi tsalle ya shige ya kwanta, ko waiwaye babu. Dama duk rayuwarsa a haka take, a sa shi a mota a sauke shi wani wuri. Wallahi abin ya sosa min rai fiye da yadda nake zato, ga Ummi na kuka a taga, sai na tuna gwaggona da ta riƙi 'ya'yan dangi ya fi 5, duk ta aurar da su, kuma ranar biki uwar da ta haifa ake yi wa barka.

Da daddare ina kwashe kwanukansa na ga gwangwanayen kifi 6 a bayan buhun shinkafa, ni kuma ban saya ba. Na kalli maiɗakina, tace me kake kallona, arha na gani.

Tun daga lokacin abubuwa sun ƙara canzawa a harkar, Niyu Zilan ta sanar a Disamba 2024 za ta hana tseren, Wels ta biyo baya da tata sanarwar a Fabrairu 2025, dama jihar Fulorida ta Amurka tun 2018 suka kaɗa ƙuri'ar rufe nasu. Duk filin da aka rufe kuwa karnukan ba ɓacewa suke ba, wani wuri za a nema musu. Amma ni tun kafin nan aka sake nemana, tsakiyar Janairu 2024 waya ta shigo muna cin abincin dare, akwai wata mace 'yar shekara 3 da ta karye a ƙafar baya, an yi mata aiki, tana buƙatar gida mara hayaniya na sati 6. Na rufe bakin wayar na kalli maiɗakina. Salatif ɗin nan har lokacin yana jikin gilas, ta sha goge ƙofar ba ta ɓare shi ba. Ta ci gaba da zuba wa Ummi miya tace tambaye su tsayinta, ta kai teburin kicin?